Wilin baya yana goga birki in na kama hawa, ɗaurewa za a ƙara ko sake ɗaura shi?

Ɗan Rayfield:
Salam jama'a. Na sayi keken tsere na hannu, wilin baya sifok (wayoyin da ke riƙe rim) 24 ne kawai kuma sirara sosai, rim ɗin ma ba nauyi. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau amma da na kama hawa wajen Shere na miƙe tsaye kan feda sai in ji shuu shuu rim na goga robar birki dama da hagu. Nauyina kilo 85. Mai gyaran unguwarmu ya ce a ƙara ɗaure sifok ɗin tamau zai daina. In bar shi ya ɗaure ko a kwance wilin gaba ɗaya?

Baba Mai Keke Bukuru:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai kama rim ɗin ka girgiza shi gefe da gefe, in ka ji ƙwas ƙwas to boris ne ya saki a hob, wato cibiyar wilin, a gyara wannan tukuna kar a ɗora wa sifok laifi. Maganar ƙara ɗauri kuwa kar ka yarda, in dai babu sifok ɗin da ya saki yana rawa to ƙarin ɗauri ba ya ƙara wa wili tauri, abin da zai jawo maka kawai ramin rim ya tsage a gindin notin da ke ɗaure sifok, ga rim mara nauyi dama ba ya jure wannan. Da yawan yaran da ke gyara yanzu a kan keken Phoenix suka koya, mai rim ɗin ƙarfe, shi ko ka murɗe da ƙarfi ba ya kuka.

Injiniya Farin Gada:
Baba ya gama magana. Tauri daga yawan sifok yake zuwa da kaurinsu da kuma faɗin hob, wato yadda suke tokare rim daga gefe. Yawansu ba za ka iya canzawa ba sai ka canza rim da hob duka tunda ramuka 24 ne, saura kauri. In naka irin masu 1.5mm a tsakiya ne kamar DT Swiss Revolution ko Sapim Laser, ka koma masu 1.8mm irin DT Competition, ƙarfen tsakiyar ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari kenan, nauyin da zai ƙaru a wilin kuma ko giram 50 bai kai ba, a kilo 85 wa zai ji wannan. Sannan ka sani wilin baya ba daidai yake ba, saboda gurbin giya sifok ɗin gefen cen, wato gefen da sarƙar keke take, sun fi tsayuwa a miƙe dole su fi ɗauri, wajen kilo 110 zuwa 120 ake kai ƙarfin ɗaurinsu, na ɗaya gefen kuma ɗan sama da rabin haka suke samu, su ne suke saki in ka danna feda da ƙarfi. In kuɗi bai kai ba ko na gefen cen 12 ɗin kawai ka canza za ka ga bambanci.

Ɗan Rayfield:
Na gode Baba, na gode oga Injiniya. Na girgiza, boris lafiya yake. To saƙar sifok ɗin fa, a bar ta yadda take?

Baba Mai Keke Bukuru:
Sifok 24 gicciye biyu ake yi masa, wato kowane sifok ya gitta wasu biyu, uku na masu 32 da 36 ne. Ka sa noti na tagulla, na alminiyam da ruwan damunar Jos ya shige shi kamewa yake yi. Bayan an ɗaura a riƙa matse sifok bibbiyu da hannu sosai a sake daidaitawa har ya daina motsi, in ba haka ba sati ɗaya ya karkace. Kuma in za ka saya ka ciro ɗaya daga kowane gefe ka tafi da su a gwada, tsawonsu ba ɗaya ba ne, na gefen cen ya kan fi gajarta da milimita ɗaya ko biyu.