Radiohead da Faifan "Biya Abin da Ka Ga Dama": Jarumta Ce Ko Cutar Ƙananan Mawaƙa?

Mai Situdiyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ɗauko tarihin Radiohead, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, sai a hau yabon abin da suka yi ranar 10 ga Oktoba, 2007, da suka saki faifansu na bakwai, In Rainbows, a shafinsu na intanet, suka ce kowa ya biya abin da ya ga dama, ko da ba ko sisi. Wai jarumta. Ni ban yarda ba. Mutum biyar ne da suka riga suka ƙoshi suka koya wa duniya cewa waƙa ba ta da farashi, ƙananan mawaƙa kuma su suka kwana a ciki. Mai ja ya fito.

Yaya Ta Ingila: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito, ƙanena, don abin a gabana aka yi. Ina karatu a can lokacin. Kwana 10 kacal kafin fitar faifan Jonny Greenwood, mai kaɗa musu gita, ya sanar a shafinsu, ba talla a rediyo, ba allo a titi. Na shiga da daddare a kwamfutar ɗakin karatu. Wurin da ya kamata a rubuta farashi babu komai, fili ne kawai da alamar tambaya a gefe. Ka danna alamar, ta ce maka ya rage naka. Ka sake dannawa, ta ƙara tabbatar maka da gaske ya rage naka. Wallahi na fi minti biyar hannuna a kan madannai. Ba mai ganina, kuɗin abincina kuma a ƙirge yake. Ƙarshe na rubuta fam 4. Tun da nake sayen kaset da sidi, ba a taɓa sa ni na zauna na tambayi kaina nawa waƙa ta cancanta ba sai ranar. To ta yaya wannan ya zama koya wa mutane raina waƙa?

Mai Situdiyo: Yaya, ke mai tsoron Allah ce, kin biya. Sauran fa? Kamfanin comScore ya fitar da ƙididdiga cewa kashi 62 cikin 100 na waɗanda suka sauke faifan ba su ba da komai ba.

Yaya Ta Ingila: Su Radiohead sun ƙaryata wannan ƙididdigar tun a lokacin, sun ce ba daidai ba ce, kuma su ne ke riƙe da shafin. Amma mu ƙaddara haka ne. Wanda bai biya ba, da can biya yake yi?

Baba Mai Faifai: Yauwa 'yata, nan ne bakin zaren. Ku bar ni in sa baki, ni da na ci abinci da sayar da kaset da sidi shekaru masu yawa kafin kasuwar ta watse a hannunmu. Ɗana Mai Situdiyo, kana ɗora wa mutanen nan laifin gobarar da ta riga su tashi. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, ta fito tun 1999. Faifansu Kid A na 2000 ya bazu a can makonni kafin ya shiga kanti. Na 2003, Hail to the Thief, an sace shi an watsa tun ba a gama gyara sautinsa ba, kusan mako 10 kafin ranar fitarsa. Ka san zafin wannan, kai da kake aikin haɗa sauti. A ɗauki tuwonka bai nuna ba a raba wa gari. Saboda haka a 2007 suka ce tunda ba makawa sai ya fita, gara mu fitar da kanmu, rana ɗaya, kowa ya ji a lokaci guda, ɗan jarida da ɗan makaranta. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Mu nan ba wanda ya taɓa jin sunan Radiohead a layinmu, amma masu tura waƙa a waya sun kashe mana kasuwa tsaf. Wa ya koya musu?

Ƙaramin Mawaƙi: Baba, na ji bayaninka kuma ba na musu da kai, amma ku saurari wanda abin yake taɓawa. Bara na sayar da babur ɗina na biya kuɗin situdiyo na waƙoƙi shida. Ranar da na saki, kafin la'asar na tarar da su a wayar mai shayin unguwarmu, ya ce naira 50 aka tura masa, kuma ba wanda ya kawo mini ko kwabo. Da na yi magana a cikin abokai, wani ya ce mini ai manyan duniya ma kyauta suke bayarwa, wane ni. Wannan kalmar ce ta fi yi mini ciwo. Babba in ya yi abu, hujja yake zame wa mutane. Ba ni kaɗai na ga haka ba. Mawaƙiyar nan ta Ingila, Lily Allen, tun a shekarar ta kira abin girman kai, ta ce su sun tara miliyoyi, sabon mawaƙi kuma an rage wa aikinsa daraja. Kim Gordon ta ƙungiyar mawaƙa ta Sonic Youth ma ta soki abin, ta ce bai yi la'akari da 'yan uwansu mawaƙa da ba sa ciniki kamarsu ba.

Yaya Ta Ingila: Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena. Ba zan ce maka ba ka da gaskiya a kan ciwonka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu ɗaya nake so a gyara, wannan kalmar ta "sun riga sun ƙoshi", kamar daga sama suka faɗo. Yara ne 'yan makarantar Abingdon da ke yankin Oxford, suka haɗu a 1985. Sunansu na farko ma On a Friday, don ranar Juma'a suke samun ɗakin kiɗa na makaranta su yi atisaye. Ɗaya daga cikinsu, Colin Greenwood, yana aiki a kantin sayar da faifai ya haɗu da wakilin kamfanin faifai na EMI, daga nan aka sa hannu a 1991, yarjejeniyar faifai shida. Waƙarsu ta farko da ta yi suna, Creep, da ta fito a 1992 ba ta je ko'ina ba a Ingila, gidan rediyon BBC ma ya ƙi yawan sa ta don wai ta cika baƙin ciki. Sai da ta kama a Isra'ila da Amurka sannan 'yan gida suka waiwayo. Shekara 22 suka yi tare kafin 2007, mutum biyar ɗin nan, ba wanda ya fita ba wanda ya shigo, har yau. Amanar da suka gwada a ranar, su suka gina ta da guminsu.

Mai Situdiyo: To ai kin faɗi maganata da bakinki, Yaya. Wa ya yi musu tallar shekara 12, daga 1991 zuwa 2003? Kuɗin EMI ne ya kai faifansu OK Computer kowane lungu a 1997. Kamfani ya ɗauke su ya hau da su rimi, suna kaiwa ƙoli suka ce ba a bukatar tsani. Kuma ma kyautar ba ta kai zuci ba. Sautin da suka saki a intanet mai rauni ne, ni da kunnen aiki na san bambancin. A gefe guda suna sayar da akwatin musamman na faifan fam 40. Ranar 10 ga Disamba suka rufe saukewar, ƙarshen watan sidi ya shiga kanti ta hannun kamfanin XL, ya hau na ɗaya a Ingila da Amurka. Mawaƙi Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails ya faɗa a fili cewa dabarar jawo mai saye ce kawai. Wannan talla ce, kuma ta yi kyau, amma a daina kiranta sadaka.

Ɗan Maraɗi: Ina biye da ku tun ɗazu. Malam Mai Situdiyo, wa ya ce sadaka ce? Su ba su ce ba. Thom Yorke da kansa, babban mawaƙinsu, a hirar da ya yi da mawaƙi David Byrne a mujallar Wired a ƙarshen 2007, ya amince cewa abin ya yiwu ne kawai don sun riga sun bi ta cikin injin kasuwar, kuma ba hanya ce da ya shimfiɗa wa kowa ba. Ni abin da nake ganin kuka tsallake shi ne rigimar mallaka. A shekarar ne kamfanin zuba jari na Terra Firma, na Guy Hands, ya saye EMI. Mutanen da harkarsu kuɗi ce, ba kiɗa ba. Radiohead suka nemi a ba su iko a kan tsofaffin faifansu shida, ba a daidaita ba, suka kama gabansu. Me ya biyo baya? EMI ta tattara tsofaffin faifan nan a akwati ta fitar a watan Disamban da nasu akwatin yake fita, a 2008 kuma ta haɗa zaɓaɓɓun waƙoƙinsu ta sayar ba da son ransu ba. Sai a 2016 kayan suka koma hannun XL. A wannan hirar Yorke ya ce kuɗin intanet da suka samu a In Rainbows ya fi na duk sauran faifansu a haɗe, saboda tsohuwar yarjejeniyar ba ta ba su komai a cinikin intanet. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan suka gudu daga gare shi.

Baba Mai Faifai: Kuma abin bai zo mini baƙo ba. Makaɗin gargajiya da ya zo gidan biki, ka taɓa ganin ya rataya takardar farashi a ganga? Kiɗa yake yi, mai naira ya liƙa naira, mai riga ya cire riga, wanda ba shi da komai ya yi tafi ya tafi gida. Amma ku lura, ƙanƙanin makaɗi da babban makaɗi ba liƙi ɗaya ake musu ba. Tun kafin intanet haka abin yake.

Ƙaramin Mawaƙi: Bambancin, Baba, a gidan biki idon jama'a yana kan mutum, kunya kaɗai ta isa ta sa ya sa hannu a aljihu. A waya ba mai ganin kowa.

Baba Mai Faifai: Wannan gaskiya ne, yaro. Na karɓa.

Ɗan Maraɗi: Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Duk da an ce ga shi nan ko ba ka biya ba, binciken da aka yi daga baya ya nuna an sauke faifan sama da sau miliyan 2 ta hanyoyin sata a cikin makonnin farko. Ƙofa a buɗe, mutane suna haurawa ta katanga, don katangar suka saba da ita. Kenan ɗabi'ar ta riga ta zauna. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanin Warner Chappell da ke kula da haƙƙin waƙoƙinsu ya bayyana a 2008 cewa an sayar da kwafi miliyan 3 gaba ɗaya, har da akwatin fam 40 ɗin guda 100,000. Masu biya suna nan, ba su mutu ba.

Mai Situdiyo: To in hanyar mai kyau ce, me ya hana su maimaitawa? Faifan 2011 farashi suka sa masa. A 2013 kuma Yorke da Nigel Godrich, mai haɗa musu sauti, suka janye wasu ayyukansu daga Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, suna kukan cewa sababbin mawaƙa ba sa samun komai. Kukan da Lily Allen ta yi shekara shida kafin nan, shi suka dawo suna yi.

Yaya Ta Ingila: Ni kuwa ina ganin magana ɗaya suke yi tun farko. A 2007 sun cire ɗan tsakiya tsakaninsu da mai sauraro, a 2013 suka ga wani sabon ɗan tsakiyar ya shigo ya zauna, suka yi magana. Fam 4 ɗina hannunsu ya shiga. Abin da nake biyan Spotify duk wata kuwa, ban san nawa ne yake isa ga wanda nake saurara ba.

Mai Situdiyo: Na sassauto a kan abu ɗaya, ba su suka kawo satar waƙa ba, Baba ya gamsar da ni. Amma ina nan a kan bakana cewa da sun sa ko fam 1 ne a matsayin mafi ƙaranci, da saƙon ya bambanta. Sifirin nan shi ne ya yi ɓarna.

Yaya Ta Ingila: Da sun sa fam 1, da kowa fam 1 zai biya ya wuce, har da ni. Sifirin ne ya tsayar da ni minti biyar. Ƙanena mawaƙi, waƙoƙin nan shida naka, a ina ake samunsu ta hanyar da kuɗin zai zo hannunka?

Ƙaramin Mawaƙi: Babu, Yaya. Ban taɓa buɗe wata hanya ba, na ɗauka ba mai biya.

Yaya Ta Ingila: Turo mini su ta akwatin saƙona tare da lambar asusunka. Kada ka faɗa mini farashi, bari in saurara tukuna.