Shin mitar zamani tana rage kuɗin wuta? Muhawara a zauren Hausawan Makka da Jidda

Malam Haruna, Makka: Assalamu alaikum. Tun da kamfanin wutar lantarki na Saudiyya ya kammala kafa mitocin zamani kimanin miliyan 10 a shekarar 2021, nake jin ana cewa duk wanda ya iya zaɓen lokacin kunna kayan wuta zai ga sauƙi a fatura, wato takardar kuɗin wuta. A ganina wannan magana ba ta da tushe a ƙasar nan, domin farashin wutar gidaje bai san dare ba, bai san rana ba. Tun daga watan Janairun 2018 ake biyan halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura haka kuma halala 30, sannan a ɗora harajin VAT, wanda ya zama kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Wanda ya yi wanki da azahar da wanda ya jira tsakar dare kuɗi ɗaya za su biya.

Injiniya Musa, Jidda: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, amma hukuncinka ya yi gaggawa. A Ingila, tun ƙarshen shekarun 1970 ake da tsarin da ke rage farashi na awa bakwai cikin dare, kuma a yau irin wannan mita ce ke sauƙaƙa shi, saboda tana rubuta abin da aka sha lokaci bayan lokaci, ta aika wa kamfani ba tare da wani ya zo ya duba ba. Idan hukuma ta ga dama ta bambanta farashin rana da na dare, ba sai an sake shiga gida-gida ba. Ko a yanzu ma, mutum yana iya bibiyar abin da gidansa ke sha ta manhajar kamfanin kafin fatura ta fito.

Hajiya Asabe, Makka: Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma ina roƙon ka da ka zo Makka a watan Yuli ka gaya wa uwar yara ta kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da azahar ta jira dare. Injin wanki da dutsen guga ana iya ɗaga su zuwa kowane lokaci, sai dai ba su ne ke cinye kuɗin ba. Abin da ke cinye shi mukayyif ne, shi kuwa zafi ke ba shi umarni, ba farashi ba. Idan aka tsauwala kuɗin rana, talaka mai tsohon mukayyif na taga ne zai ji a jikinsa, mai sabon gini da ke riƙe sanyi kuwa ko a jikinsa.

Alhaji Bala, Jidda: 'Ya'yana, duk kun tsallake inda gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su da mita ta kansu, suna zaune ne a ginin da aka rarraba shi gida-gida alhali mitarsa ɗaya ce. Ku ɗauka iyalai huɗu ne, kowane ya sha kilowat-awa 1,800 a watan zafi. Da kowa yana da mitarsa, babu wanda zai kusanci 6,000, amma da yake an haɗa su, jimilla ta zama 7,200, wato 1,200 sun faɗa farashin halala 30, an biya ƙarin riyal 144 kafin haraji ba tare da wani ya yi almubazzaranci ba. Bayan haka a zo rabon fatura, a raba daidai wa daida tsakanin tsohuwa mai ɗaki ɗaya da magidanci mai mukayyif huɗu. Na ga zumunci na shekaru ya lalace a kan wannan rabo. Ƙaramar mita da ake sa wa kowane gida a bayan babbar, ita ce abin da ya kamata mu tattauna.

Malam Haruna: Baba Alhaji, na yarda ƙaramar mita tana kashe rigima, amma ba ta cire wannan riyal 144 ɗin, domin kamfani babbar mita kaɗai yake karantawa. Maganin wannan shi ne mai gini ya nemi a raba masa mita a hukumance. Ƙaramar kuwa shaida ce tsakanin maƙwabta, kuma za a sake sabuwar gardama a kan wanda zai ɗauki kason mai tsada.

Injiniya Musa: Wannan gardamar tana da mafita, Malam: a raba jimillar fatura gwargwadon abin da kowace ƙaramar mita ta nuna, sai tsadar ta hau kan kowa daidai da shansa. Hajiya kuma, ban ce a kashe mukayyif ba. Ɗaga shi daga digiri 18 zuwa 24, da wanke matatarsa, da kashe tukunyar ruwan zafi a bazara, duk suna rage sha, amma mutum ba ya dagewa a kansu sai yana ganin lambar gidansa ita kaɗai.

Malama Zainab, Madina: Ni a Sudan na tashi, inda aka daɗe ana sayen wuta kafin a sha, kuma kowane yaro ya san ya duba lambar da ta rage a jikin mita. Wannan ganin ne ke sa a tashi a kashe fitila. Tambayata ga Baba Alhaji ita ce, idan mai gini ya ƙi, wa zai biya kuɗin ƙaramar mita da na mai haɗa ta, ɗan haya da zai iya tashi baɗi, ko kuwa a cire daga kuɗin haya?

Alhaji Bala: A ginin da nake, mu 'yan haya muka haɗa kuɗin, da sharaɗin duk wanda zai tashi, mai shigowa ya mayar masa da kasonsa, kuma mai gini ya sa hannu a takardar.