Sojan da ya ɓace a fagen fama: a ci gaba da nema ko a haƙura?

Alhaji na Kwari: Salamu alaikum. Maganar da na yi jiya a majalisa bayan Isha'i na ji ta ɓata wa wasu rai, to ga ta nan kowa ya auna. Sojan da aka tura daji, aka gwabza, shekara biyar shida shiru, ni a wurina ya rasu. A gaya wa iyalinsa gaskiya, a biya su haƙƙinsa, matarsa ta yi takaba ta samu miji. Wannan "ana nan ana nema" azabtar da masu rai ne. Kuɗin neman ƙasusuwa gara a kashe wa marayu.

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Alhaji, biyan haƙƙi na yarda, daina nema ne ban yarda ba. Na sa kaki, na san abin da ke tsayar da yaro a rami ana ruwan harsashi: ya san in ya faɗi ba za a bar shi ba. Ranar da ya gane ana mantawa da mutum a daji, ka karya masa gwiwa tun kafin a fita. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi a Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya ratsa daji cikin dare har ya kai ga sojoji. Wa ya zaci zai fito?

Alhaji na Kwari: Baba, wannan ai dare guda ne, ni shekaru nake faɗa. Jirgin Alpha Jet da ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris 2021 da matuƙa biyu fa? Sai bayan kusan shekara aka ga tarkacensa a Sambisa. Tarkace, ba mutane a raye ba.

Yaya ta Gwammaja: Ku gafarce ni in sa baki, don a gidanmu abin yake. Ƙanina aka tura Arewa maso Gabas, wata rana wayarsa ta daina shiga, shi ke nan. Alhaji, ba mu ce lallai yana raye ba. So muke a ce mana a ina, yaushe, wa ya gan shi ƙarshe. Mun yi zarya ofis-ofis, amsar ɗaya ce: ku dawo. Innarmu har yau ba ta yarda cajin wayarta ya ƙare, kuma duk baƙuwar lamba da ta kira sai hannunta ya kama rawa kafin ta ɗauka. Matarsa kuwa ga ta nan, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Wanda ya binne nasa ya yi kuka ya karɓi gaisuwa, mu ko zaman makoki ba mu samu ba.

Alhaji na Kwari: Allah Ya bayyana shi, Hajiya. Ai tausayin irinku ne ya sa na yi maganar.

Malam Liman: Amin. Abu biyu Alhaji ya cakuɗa. Shari'a ba ta bar matar wanda ya ɓace a rataye ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙarar, sannan ta yi idda wata huɗu da kwana goma, bisa hukuncin Sayyidina Umar. Wanda ya ɓace a fagen yaƙi ma malamai sun ware masa hukuncinsa, wa'adinsa bai kai haka ba. Amma ku lura, ko'ina bincike ne a gaba, hukunci a baya. Warware wa mace aure daban, rufe littafin mutum daban.

Alhaji na Kwari: Allah gafarta Malam, shahidan Uhudu ba a inda suka faɗi aka binne su ba? Ina aka ce sai an kawo gawa gida?

Malam Liman: A nan aka binne su, gaskiya ne. Amma an bi su ɗaya bayan ɗaya an gane su. Manzon Allah (SAW) da kansa ya aika a duba masa Sa'adu ɗan Rabi'u, yana cikin rayayyu ko matattu, aka iske shi da sauran numfashi har ya bar wasiyya. Ba ɗauko gawa nake karewa ba, sanin makoma nake karewa.

Ɗan Kurna: Iyayena, a dokar shaida ta ƙasa ma sai an shekara bakwai ba labari ake ɗaukar mutum ya mutu. Amurka kuwa hukuma guda ta kafa don wannan aiki, tana neman sojojinta fiye da 80,000 tun daga Yaƙin Duniya na Biyu, da ɗakin gwaji a Hawai inda ake gwada ƙashi da jinin dangi. A 2018 Koriya ta Arewa ta miƙa musu akwati 55 na ragowar gawarwaki, daga yaƙin da aka tsagaita tun 1953.

Alhaji na Kwari: Amurka ke nan, mai kuɗin zubarwa.

Ɗan Kurna: To mu dawo gida, Alhaji. Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓace a Jos a Satumbar 2018. Sojoji suka janye ruwan wani kududdufin haƙar ma'adinai a Dura-Du har suka zaƙulo motarsa, suka bi sawu har aka samo gawarsa a tsohuwar rijiya ƙarshen Oktoba. Na jinjina musu a kan haka. Ashe in an so ana iyawa. Tambayata, kurtun da ya ɓace a harin da aka kai sansanin soja na Metele a Borno a Nuwambar shekarar, shi ma an bi sawunsa haka?

Baba Saje: Yaro ka taɓo inda ke mini ciwo. Kakanninmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a runduna ta 81 da ta 82, da yawa ba a ga gawarsu ba, amma a maƙabartar yaƙi kusa da Rangun an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba su da kabari, har da na Afirka ta Yamma. Mu duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai a ajiye furanni, a saki tantabaru, a watse. Me zai hana a karanto sunayen waɗanda suka ɓace? Me zai hana a ɗebi jinin kowane sabon soja tun yana Depot a Zariya a adana? Wannan bai kai kuɗin motar sulke ɗaya ba a ganina.

Alhaji na Kwari: Sunaye da jini na amince. Amma a tura yara masu rai cikin nakiya don ɗauko ƙashi, wannan har gobe ban yarda ba. Kuma kada a riƙe haƙƙin marayu da sunan ana nema.

Malam Liman: Hajiya, ku gwada ofishin Red Cross, suna rajistar waɗanda suka ɓace, a Najeriya kaɗai sun haura 20,000. Ita kuma matar ɗan'uwanku, in tana so, ƙofar alƙali a buɗe take, babu laifi a kanta.

Yaya ta Gwammaja: Na gode, Malam. Rajistar zan je in yi. Maganar kotu ce Inna ba ta ko son ji, gani take kamar mu muka kashe shi da bakinmu. Don Allah in kun samu sarari bayan Juma'a ku biyo gidan ku yi mata bayani da kanku, ta fi jin maganarku.