Boyel ɗina ya nuna a gidan surukai, lainin kuma ya dafa ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Watana 5 da aure, a Kano nake, ina koyarwa a wata firamare. Kun dai san yadda garin yake tun shigowar Afrilu, da rana zafi har haura digiri 40 yake yi, wuta kuwa sai an ga dama. Atamfofin lefena masu nauyi ne, kafin a tashi tara na jiƙe sharkaf. Sai na ce bari in ɗinka marasa nauyin. Akwai farin boyel, akwai leshi ruwan hoda mai huji-huji, da mayafan shifon guda 3. Aka yi min doguwar riga da boyel ɗin, na ce kar a sa mata komai a ciki don iska ta ratsa. A madubin ɗaki lafiya lau. Ranar Juma'a na sa na je gaida Hajiyar maigidana, ina tsaye a tsakar gida rana tana bayana, sai ta yafito ni gefe ta ce, "'Yata, wannan rigar ta ɗaka ce." Ba ta faɗa a gaban kowa ba, Allah ya saka mata da alheri, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na mayar wa tela ya sa lainin. Yanzu ba ta nuna komai, sai dai ta fi atamfar zafi, har ƙuraje sun feso min a baya. Ga sarƙar da nake sawa kullum tana bar min kore a wuya da ƙaiƙayi. In haƙura in mayar da su akwati, ko akwai dabara?

Anti mai ɗinki, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Juya rigar ki taɓa lainin ɗin. In yana sheƙi da santsi, yana ƙara in kin murza shi, to tafeta ce, kuma roba ce zalla. Ba ta shan zufa, shi ya sa kike dahuwa kamar an naɗe ki a leda. Mu teloli muna yawan sa ta don ta fi arha kuma tana tsayar da ɗinki, gaskiya ɗaya ce. Ta dace da kayan biki na awa 2 a ɗakin taro mai sanyi, ban da wadda za ta wuni a gaban allo.

Ni in ke ce, farke ta zan yi gaba ɗaya. Ki sayi yadin auduga mara nauyi, yadi 3 ya isa shimi ɗaya, a ɗinka miki doguwa har idon sawu, sakakkiya, wuyanta ya ɗan fi na rigar sauka don kar ta leƙo. Ki yi guda 2 ko 3. Amfanin rabawar shi ne shimin ce za ta sha zufar, ita za ki riƙa wankewa kullum, boyel ɗin ya huta da wanki. Sannan iska na yawo tsakanin su biyun tunda ba a manne suke ba. Iyayenmu da suke ɗaura fatari a ƙarƙashin zane sun san abin da suke yi.

Leshin mai huji kuwa ki bar shi na fita unguwa. Komai kyansa, aji da alli da yara masu jan riga ba wurinsa ba ne.

Maman 'yan biyu:
Allah sarki amarya, ba a kanki farau ba. Kuma ki gode wa Allah da surukar da aka ba ki, wata a gaban faccaloli za ta faɗa. Madubin ɗaki ba ya faɗin gaskiya, don hasken yana gabanki ne. Sai haske ya dawo bayanki inuwar ƙafafu take fitowa. Duk sabon ɗinki, ki tsaya a bakin ƙofa da hantsi, ki ba wa rana baya, ki sa wani daga cikin ɗaki ya ɗauke ki hoto. Ki ɗan buɗe ƙafa kamar kina tafiya. Nawa gwajin kenan. Kuma ki yi shimin kalar fatarki, ita ce ba ta nunawa.

Anti mai ɗinki, Zariya:
Maman biyu, gwajinki daidai ne, amma batun kala a yi hattara. Kalar fata ta ƙananan kayan ciki ce, don farar rigar mama ƙarƙashin farin yadi fitowa take raɗau. Amma a sa shimi kalar fata a ƙarƙashin leshi mai huji, wanda ke nesa zai rantse jiki yake gani. An gudu ba a tsira ba kenan. Shimi ta bi kalar rigar, ko ta ɗan fi ta duhu.

Maman 'yan biyu:
Na karɓi gyara Anti, ban yi tunanin leshin ba.

'Yar Kwari:
Maigidana a Kantin Kwari yake, ni ma ina sarowa ina sayarwa a gida, don haka bari in tsoma baki. Kafin ki kashe kuɗin shimi ki fara tabbatar da boyel ɗin kansa. Mata da yawa sun ɗauka duk abin da yake shara-shara sanyi gare shi, alhali zaren da aka saƙa shi da shi ne magana. Boyel na asali, wanda ake ce wa suwis, auduga ne. Amma kasuwa cike take da na kwaikwayo, na roba, da kwali mai kyau da tambari da komai.

In tela ya dawo miki da ƙyalle, yanki ɗan ƙarami ki riƙe da almakashi ki kanga masa ashana, a waje, da ruwa a kusa. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta kuma tana murmushewa a yatsa. Roba ƙanƙancewa take ta narke, ta bar baƙin ƙulli mai tauri. In ba ki son wuta, ɗiga masa ruwa: auduga nan take take shanyewa. Ko ki dunƙule shi a hannu ki saki, in ya yamutse alamar auduga ce. Mayafan shifon ɗin nan ma yawancinsu roba ne, shi ya sa suke zamewa.

Malamar Islamiyya:
Madalla da shawarwari. Tunatarwa kawai: akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya ambaci mata masu tufafi amma tsirara, kuma daga cikin fassarar da malamai suka yi masa akwai tufafin da ke nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Shara-shara a kan abin da ya rufe jiki ba laifi. Mayafin shifon ɗin dai in ana hango gashi da wuya ta cikinsa, ki ajiye hijabi a jaka saboda sallar Azahar a makaranta.

Autar Mama:
Ni fa duk wannan wahalar ce ta sa na koma abaya, in zura in fita.

'Yar Kwari:
Auta, baƙar abayar roba a ranar Kano? Allah ya ba ki lada.

Nas ɗinku:
Ƙurajen bayan nan na zufa ne, ƙofofin zufar ne suka toshe. Ki daina sa rigar tukuna, ki riƙa watsa ruwa da kin dawo, ki dakata da basilin da mai masu kauri a wurin. Maganin shafawar nan da ake kira kalamin yana rage ƙaiƙayin. In sun fara ruwa ko kin ji zazzaɓi, ki je asibiti.

Koren wuyan daga tagullar da ke cikin sarƙar ne in ta haɗu da zufa, wankewa yake. Ƙaiƙayin ne abin lura, don galibi wani ƙarfe ne da ake kira nikel yake jawo shi, kuma fatar da ta ƙi shi ba ta cika komawa ta karɓe shi ba. Ki ajiye ta, ko ki riƙa ɗora ta a kan riga. Wani abu kuma, yadi shara-shara ba ya tare rana sosai. In kina jiran adaidaita da tsakar rana ki riƙe lema.

Hajiya Babba:
'Yan nan kun gama magana. Nawa ɗaya ne, ki cire awarwaro masu duwatsu ranar da kika sa leshi, da jaka mai igiyar sarƙa. Su ne suke tsinke zare. Shifon kuma kar ki soka masa fil, huda shi yake, akwai masu maganaɗisu yanzu. Ki ɗaura ɗankwalin auduga a ƙasa, mayafin zai zauna. Wanki da hannu, ban da murɗawa, shanya a inuwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ƙona ƙyallen biyu ɗazu a bayan kicin. Boyel ɗin ya zama toka, alhamdulillah, na lainin kuwa ya dunƙule kamar an ƙona leda. Gobe zan kai a farke, Asabar in shiga Kwari neman yadin shimi. Maman biyu, na ce wa maigida shi zai riƙa ɗaukar hoton bakin ƙofa, sai dariya yake min. Anti, shimin da hannu za a yi ta, ko mara hannu ta wadatar?

Anti mai ɗinki, Zariya:
Da hannu, zuwa gwiwar hannu aƙalla. In hannun rigar ma shara-shara ne, a kai shi har wuyan hannu.