Abin da aka tattara kan ɗaukewar sabis

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan ɗaukewar sabis na waya da intanet: me ke jawo ta, kuma me ya kamata mutum ya yi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kashe wayar ka kunna tukuna. Idan maƙwabcinka mai irin layinka ma ba ya samu, to matsalar ba daga wayarka ba ce.

2. Sau da yawa masu aikin hanya ne ke datse wayar fayiba (wayar da ke ɗauko intanet) da aka binne, ko wuta ta ɗauke a turken sadarwa, janareta kuma babu mai. Wasu sun tuno 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka rasa intanet.

3. Rubuta rana da lokaci, ɗauki hoton fuskar wayarka, ka kai koke ga kamfanin layinka, ka karɓi lambar kokenka. In kamfani ya yi biris, sai ka kai ƙara hukumar kula da sadarwa.

Inda aka rabu:

Riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. Da yawa sun ce shi ne mafita. Wasu suka ce kamfanoni kan haɗa turke ɗaya, in ya mutu duka su tafi tare.

Diyya ta fi tayar da ƙura. Wasu na ganin neman ta wahala ce kawai. Mafi yawa sun dage cewa datar da wa'adinta ya ƙare babu sabis haƙƙi ne, a mayar wa mai ita. Ni ma nan na tsaya, domin shirun da kamfani ke yi ba tare da ko saƙo ɗaya na bayani ba ya fi ɗaukewar kanta ciwo.