Kumburin ciki ya ƙi ƙarewa, an ce in sayi maganin gyaran hanji na dubu casa'in

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma tun bayan Babbar Sallah cikina bai zauna lafiya ba. Da na ci abinci sai ya kumbura ya yi tam, har sai na sassauta zani, ga gyatsa mai tsami, ga zafi a ƙahon zuciya musamman cikin dare. Bayan gida kuwa wani lokaci sai in kwana uku ban zaga ba. Omeprazole, maganin rage tsamin ciki, nake saya a kyamis, in na sha ya lafa, in na bari ya dawo.

Matar ƙanen maigidana tana sayar da magungunan ƙarin gina jiki na wani kamfanin waje. Ta turo min bidiyon wani likita a Amurka mai yin abin da suke kira fankshinal medisin, wato likitancin neman tushen cuta. Ta ce hanjina ne ya huhhuje, guba tana tsiyaya cikin jini, kuma likitocin asibiti ba sa sanin wannan. Ta haɗa min roba huɗu: ta ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, ta wankin ciki, ta garin ganye, da wata ta bitamin. Dubu casa'in na wata ɗaya, kuma ta ce sai an yi wata uku. Kuɗin adashina ne da na yi niyyar sayen keken zigzag da su. In saya ko in dakata?

Mai Harhaɗa Magani:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ki dakata tukuna, ki amsa min abu ɗaya: kina shan maganin ciwon baya ko ciwon jiki? Na tambaya ne don da wuya in ga tela ko direba ko mai dako da ba ya ajiye diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan da asfirin suna rage kariyar da bangon tumbi yake da ita daga ruwan tsamin da yake narka abinci, kuma suna cikin manyan abubuwa biyu da ke kawo gyambon ciki.

Na biyun wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori. Likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Kafin su, duniya ta ɗauka yunwa da damuwa da yaji ne tushen olsa, kamar yadda har yau ake faɗa a gidajenmu. Ƙwayar tana da yawa a ƙasashenmu, yawanci tun yarinta ake ɗaukarta. Omeprazole ba ya kashe ta, tsami kawai yake ragewa, shi ya sa ciwon yake dawowa da zarar kin bari.

Ki je asibiti ki roƙi a yi miki gwajinta a bayan gida. Na jini ba shi da tabbas sosai, don yana iya nuna tana nan ko bayan ta mutu. Sharaɗin gwajin shi ne ki bar omeprazole sati biyu kafin a yi, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sati huɗu, in ba haka ba sai ya nuna babu alhali akwai. In aka same ta, magani na kwana 14 ne, yawanci masu kashe ƙwayoyin cuta iri biyu tare da mai rage tsami, kuma likita ne zai rubuta.

Amma in kin ga bayan gida baƙi ƙirin, ko aman jini, ko kina ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya miki a wuya, kada ki jira sati biyu. Ki tafi a ranar.

Maman Biyu:

Wallahi kamar kana gidanmu. Diclofenac kusan kullum ne idan ɗinki ya yi yawa, kuma sau da yawa da ruwan shayi kawai nake kora shi. Abincin kirki sai bayan la'asar.

Ɗan Sabon Gari:

Ni dai ban ga laifin wannan salon likitanci na fankshinal medisin ba, Anti. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 Jeffrey Bland ya kafa cibiyarsa a Amurka, kuma babban asibitin Cleveland Clinic ya buɗe masa sashe a 2014. Abin da ya ja ni gare su shi ne suna tambayar me kake ci, yaya barcinka, me ke damunka. A nan kuwa sai ka yi layi tun asuba, ka shiga, kafin ka gama zama an miƙo maka takarda. Da na rage lemon kwalba da burodi na koma wake da ganye, nawa cikin ya yi sauƙi sosai.

Mai Harhaɗa Magani:

Ɗan Sabon Gari, wannan ɓangaren ban musa maka ba, kuma ka lura abin da ya taimake ka a kasuwar unguwa ka saye shi. Inda nake ja da su shi ne gwaje-gwaje masu tsada da tarin robobi. Gaskiya ne bangon hanji yana iya yin rauni a wasu cututtuka, kuma diclofenac ɗin kansa yana jawo haka. Amma a kalli mutum ta waya a ce hanjinsa ya huje, ba a gwada komai ba, sannan mai faɗar ita ce mai sayar da maganin, wannan ciniki ne. Ki duba jikin robar, Hajiya. Irin waɗannan kayan ko suna da lambar NAFDAC, za ki ga an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansu ba. Na wankin cikin shi na fi tsoro, don galibi ganyen filasko ne a ciki: zai sa ki zawo, ki ji wasai kwana biyu, hanjin ya saba sai da shi.

Inna Ta Gidan Ƙasa:

'Yar nan, sannu. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na shekara da shekaru ina dama fura. Waɗannan ƙwayoyin masu amfani da za a sayar miki a roba, ai irinsu ne suke mayar da madara kindirmo. Ki samu mai kawo nono da kika yarda da tsaftarta, wadda take tafasa madarar kafin ta zuba tsohon nono ta rufe ya kwana. Wanda aka tsinka da ruwan da ba ki san daga ina yake ba, ki bar shi, kar garin neman gira a rasa ido. Ludayi biyu da furar gero da hantsi, ba sai kin cika sukari ba.

Maganar rashin zagawa kuwa, shayi da burodi da taliya me za su tura? Ki koma miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale ko na rama, da gwanda in ta samu. Wake ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, ki fara da kaɗan, don in kika afka masa rana ɗaya kumburin ƙaruwa zai yi. Ki ajiye gorar ruwa a gefen keken. Kuma ki riƙa tashi kina taka ƙafa tsakanin riga da riga, bayan ma zai sarara.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ajiye diclofenac daga yau, Litinin zan je asibiti in ji yadda za a yi da gwajin, in kuma yi musu maganar ciwon bayan. Saura yadda zan faɗa wa matar ƙanen maigida ba tare da an kai ƙarata wajen surukata ba, don har ta ce ta yi min oda. Malam Mai Harhaɗa Magani, cikin sati biyun da zan bar omeprazole, in zafin ya taso da dare me zan sha?

Mai Harhaɗa Magani:

Farin maganin ruwan nan da ake kira mist mag, ki girgiza kwalbar ki sha, ba ya ɓata gwajin. Ciwon baya kuma farasitamol kafin ki ga likita. Ki ci abincin dare da wuri, kamar awa uku kafin ki kwanta. Matar ƙanen maigidanki kuwa ki ce mata an hana ki shan komai sai sakamako ya fito.