Za mu kai yaran makaranta filin Nkrumah a Ankara, me da me aka hana a wurin?

Malama_Aboabo

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san wurin ku taimaka min. Islamiyyarmu nan Aboabo a Kumasi mun zauna da iyayen yara an yarda in an yi hutu mu ɗebi 'yan manyan aji mu kai su Ankara, wato Accra, su ga filin tunawa da Kwame Nkrumah, tunda kullum ana karanta musu shi a boko amma yawancinsu ko Nkawkaw basu taɓa wucewa ba, ai gani ya kori ji. Yaran za su kai arba'in maza da mata, mu malamai biyar. Abinda nake tsoro kar mu sha wannan doguwar hanya mu isa bakin ƙofa a ce mana wannan ba a shiga da shi, wancan ma ba a yi.

Iyaye sun ce za su dafa waakye, wato shinkafa da wake, su haɗa da sobolo a kula, za a bari mu shiga da shi mu ci a ciki? Sannan akwai wani yaro a unguwa mai ɗaukan hoton biki, ya ce zai bi mu kyauta da babban kamara har da ɗan jirgin nan mai tashi sama yana ɗaukan bidiyo. Kuma cikin yaran akwai waɗanda iyayensu daga Nijar da Togo suka zo, na ji wai baƙi kuɗinsu daban. Ga maganan sallah. Na ƙarshe kuma wani malaminmu ya kafe wai bai kamata mu kai yaran musulmi wurin da aka cika da gumaka ba, har ya fara sa wasu iyaye shakka. Me kuka gani?

DanNima

Wa alaikumus salam Malama, sannunku da ƙoƙari. Wurin yana kan High Street ne, tsallaken tsohon ginin majalisa, kusa da Arts Centre, duk direban da ya san Ankara zai kai ku. An rufe shi a 2022 aka yi gyara aka sake buɗewa ran 4 ga Yuli 2023, to duk wanda zai baku labarin yadda yake kafin nan ku saurare shi da rabin kunne dan abubuwa sun canza, yanzu akwai ginin karɓan baƙi a gaba inda ake yankan tikiti kafin a shiga.

Kuɗi gaskiya ne ɗan ƙasa da baƙo ba ɗaya bane, haka babba da ɗalibi da ƙaramin yaro kowa da nashi. Ku malamai kowa ya riƙe Ghana Card ɗinsa a jaka. Su kuma yara abinda zai sauƙaƙa muku shi ne su sa yunifom gaba ɗaya, ku rubuta takarda da sunan makaranta da hatimi da jerin sunayen yaran, kuma kar ku jira sai ranar, ku tura wani naku na nan Ankara ya kai takardan tun da sati ya tambayo kuɗin rukuni ya faɗa musu rana da lokaci. In sun san da zuwanku za a ware muku mai zagayawa da ku yana bayani, in kuwa kun faɗo musu kwatsam kuka tarar da wasu makarantu uku a gabanku to sai tsayuwa cikin rana.

Hoto da waya a fili ba mai hana ku, gaban mutum-mutumin, bakin ruwan, jikin ginin kabarin, kowa yi yake. Amma cikin gidan kayan tarihin inda aka ajiye hotunansa da littattafansa da kayan da ya yi amfani da su, nan a mayar da waya aljihu. Kuma ba taɓawa. Wannan ku nanata wa yara tun cikin mota dan hannun yaro baya jin magana. Ruwan nan mai mutum-mutumin masu busa shima na kallo ne, kar wani ya tsoma ƙafa ko ya ce zai yi alwala a ciki, kar ku yi dariya Malama ni na san yaranmu.

Waakye kam ku bar shi a mota. Ku ci kafin ku shiga ko bayan kun fito, kar ku ɗauko kula niƙi-niƙi ku nufi inda kabari yake. Kuma ku kauce wa 6 ga Maris ranar 'yanci da 21 ga Satumba ranar haihuwar Nkrumah, ranakun nan wurin ba masaka tsinke.

Baba_SabonZango

Malama Allah ya yi albarka. Yaron nan na Nima ya gaya miki na ƙofa, ni bari in gaya miki abinda za ki gaya wa yaran, dan yaro in ka ce masa kar ka yi ba ka ce masa don me ba, jira yake ka juya baya.

Wurin nan ba wurin shan iska kawai bane, maƙabarta ce. Mutum biyu ne kwance a ciki, Nkrumah da matarsa Fathia 'yar Masar wadda ta rasu a 2007 aka kawo ta aka binne gefensa. Shi kuma a Bukares ta ƙasar Romaniya ya mutu ran 27 ga Afrilu 1972, yana gudun hijira, aka fara kai gawan Gini wurin Sekou Toure, daga nan aka kawo garinsu Nkroful, sai a 1992 zamanin Rawlings aka ɗauko shi aka kawo nan. To ki tambayi yaran, in an kai su maƙabartan Tafo za su yi tsere a kan kabari suna ihu suna cin biskit? In sun ce a'a to sun riga sun san dokan wurin, sauran duk ƙari ne.

Filin kansa da can na Turawa ne, nan suke wasan folo a kan dawakai, baƙin mutum ba wurinsa bane. Shi ya sa da gangan aka zaɓe shi daren da za a wayi gari 6 ga Maris 1957, nan ya hau dandamali ya ce Gana ta samu 'yanci, shi da su Kojo Botsio da Gbedemah da Krobo Edusei naku na Asante, kuma ki sa yaran su lura da hoton da kyau, ba kwat suka sa ba, batakari ce irin ta Arewa a jikinsu. Yaran zango su ga wannan da idonsu yana da amfani.

Sai abinda ni na fi so a nuna musu. Akwai wani mutum-mutuminsa da ba kai, kan yana ajiye gefe a kan nasa dutsen. Da a gaban tsohuwar majalisa yake tsaye, da sojoji suka yi juyin mulki ran 24 ga Fabrairu 1966 mutane suka far masa suka kayar suka fasa, kan ya ɓace shekara da shekaru sai a 2009 aka dawo da shi. Ba a manna shi ba, aka bar shi haka. Ni ina yaro lokacin, na ga waɗanda jiya suke rera masa waƙa yau suna murna an tumɓuke shi. Ki tsayar da su nan ki ce ga abinda hannun mutane ya yi, shi ya sa yanzu aka ce a kalla da ido kawai.

Maganan malaminku kuwa, ni ba malami bane, amma kallo za ku je ba bauta ba, ba wanda zai ce ku rusuna wa komai. In zuciyarsa bata kwanta ba ya zauna a gida ba faɗa, amma kar ya hana 'ya'yan mutane sanin ƙasarsu. Ku kai maganan gaban limaminku ya raba gardama tun kafin ku karɓi kuɗin mota a hannun iyaye.

MaiKamara_Asawase

Baba Allah ya ƙara girma, duk abinda kuka faɗa haka ne, amma ku bari in yi magana ta ɓangarenmu masu hoto dan mu ne dokokin nan suke ci. Malama yaron nan da zai bi ku, gaya masa tun yanzu wuraren tarihi a ƙasan nan waya daban babban kamara daban, da sun ga lens mai tsawo da ƙafa uku sun ɗauka aikin kuɗi ka zo yi, biki ko bidiyon waƙa, sai a ce ka biya na musamman ko ka nemo izini daga ofis. Ni ya taɓa faruwa da ni a wani wurin, ba zan kama suna ba, na bi 'yan makaranta kyauta saboda Allah aka tsare ni a ƙofa wai sai na biya kuɗin da ya fi na yara goma, na yi bayani har na gaji, ƙarshe kamara a mota ta kwana na ɗauki yaran da waya kaman kowa, alhali ga wasu can da waya mai tsadan da ta fi kamarana suna ta bidiyo ba wanda ya ce musu kanzil. Wannan wace irin doka ce dan Allah? Ni ban ƙi a hana filasha a cikin ɗakin kaya ba, haske yana cinye tsohuwar takarda da yadi wannan mun sani, amma a fili ƙarƙashin rana me kamara za ta ɓata?

Jirgin kuwa ya manta da shi kawai. Wannan ba ma dokan filin bane, hukumar jiragen sama ta ƙasa ce ta ce sai ka yi rajista ka samu izini kafin ka tashi drone, kuma ka duba inda wurin yake, ga kotuna ga ma'aikatun gwamnati ga Black Star Square duk a kewaye, wlh ya tashe shi a nan sai dai ku dawo Kumasi ba shi ba jirgin.

DanNima

MaiKamara ai kai ma ka san dalili, in aka bar ku kyauta gobe amare goma za a tarar a bakin kabari ana canza leshi ana jan gyale, masu ziyara su rasa inda za su tsaya. Kuma famfon ruwan nan da ciyawan da fitilun da kuɗi ake riƙe su, ka manta yadda wurin ya koma kafin gyara? Inda na yarda da kai shi ne ya kamata a bambanta mai bin 'yan makaranta da mai aikin biki, shi ya sa na ce Malama ta sa maganan mai hoton cikin takardan tun farko, in sun amince shikenan in sun ce a biya sai ku san abin yi tun kuna gida.

Hajiya_Alabar

Malama ƙanwata ni shawarata daban. Kafin ku kwashi yara arba'in zuwa Ankara ku fara gwada su a gida mana, ga gidan tarihin Manhyia nan ƙarƙashin hancinku, daga Aboabo ko da ƙafa kun isa. Gidan da Turawa suka gina wa Prempeh na ɗaya ne a 1925 bayan ya dawo daga Seshel inda suka kai shi, aka mai da shi gidan tarihi a 1995, kuma a 2024 an dawo da wasu kayan zinariyan da aka kwashe zuwa Ingila da Amurka suna ciki. Can ma ba a ɗaukan hoto a ciki, ba a taɓa kaya, mai bayani kuke bi ɗaki ɗaki, kuma Tonawa, mutanen Asante, kin san su da sarautarsu basa wasa. Nan za ki gane waye mai kunnen ƙashi cikin yaran tun kafin ki kai shi inda in ya ɓace ba ki san ta ina za ki fara ba.

In kun tashi tafiyan kuma, kowane malami a ɗaura masa yara takwas nashi, shi zai ƙirga su a shiga a ƙirga a fita, kar a ce kowa na kula da kowa. A rubuta lambar wayan malami a kati a rataya wa kowane yaro. A karɓe biro da maka a hannunsu dan wannan ɗabi'ar ta rubuta suna a bango tana nan, ni da muka je kurkukun bayi na Cape Coast da mata 'yan ƙungiyarmu da kyar na riƙe wata yarinya da ta ciro makulli za ta kankara sunanta, a ɗakin da mutane suka mutu cikin duhu fa, ginin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1979. Kuma kar wanda ya tsinki fure ko ya ɗau dutse wai tsaraba. Ku riƙe baƙin leda babba a mota na shara, ledan ruwa ɗaya kar ya faɗi a wurin mutane a ce yaran zango ne, kin dai san yadda ake jiranmu da wannan kalman.

Sallah ba abin damuwa bane, matafiya ne ku, kuma kar ku shimfiɗa tabarma a ciyawan mutane. Tudu da Zongo Lane suna nan kusa masallatai birjik, amma ni in ni ce in kun fito ku wuce Kanda babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, ku haɗa azahar da la'asar a can, ga wurin alwala wadatacce ga fili, yaran su ga wannan ma, shi malamin naku mai maganan gumaka sai ransa ya yi sanyi. Waakyen ma ku nemi inuwa a wajen can ku ci.

Malama_Aboabo

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba in kun yarda zan kwafe bayaninku in karanta wa yaran ranar Alhamis. Hajiya maganan Manhyia ta shige ni, zan kai wa shugaban makaranta gobe in sha Allah mu fara da can. Mai hoton na gaya masa batun jirgi, ransa bai so ba amma ya haƙura. DanNima ina da ƙani a Mamobi shi zan tura da takardan. Saura mota, in muna so mu isa kafin rana ta yi zafi ƙarfe nawa ya kamata mu bar Kumasi?

DanNima

Kafin asuba Malama, ku yi sallah a hanya wajen Nkawkaw. In kuka bari gari ya waye muku a Kumasi cunkoson Nsawam zuwa Ofankor kaɗai zai cinye muku safiyan, kuma ku ce wa iyaye kar a ɗura wa yara koko da yawa kafin a hau mota.